Gwanjon Zane-zane Don Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa: Da Wane Sharaɗi Zan Ba da Aikina?

Mai Zane daga Samaru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙungiyar agaji da ke aiki a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta aiko wa wasunmu masu zane na Zariya da Kaduna takarda, tana roƙon kowa ya ba da kyautar aiki ɗaya ko biyu domin a yi gwanjonsu ranar 10 ga Oktoba, wadda ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya. Ta gayyaci marina da dukawa da magina tukwane da masu rubutun Larabci na ado su ma. Takardar ta ce kuɗin da aka tara za a saya wa marasa lafiya marasa ƙarfi magani da shi, sauran kuma a yi aikin wayar da kan jama'a.

Zuciyata ta karkata ga bayarwa, domin babu unguwar da za ka shiga a garuruwanmu ba ka sami gidan da ke fama da wannan lalura a ɓoye ba. Sai dai tun da darajar naira ta faɗi a 2023, fenti da kyallen zane da firam duk sun yi tsada, ga kuma makonnin da aiki guda yake ci. Ina tsoron a sallama zanena a kan kuɗin da bai kai abin da na kashe ba, sannan gobe wanda ya ji labarin ya zo ya taya sauran ayyukana a kan wannan farashin. Ina kuma son sanin yadda zan tabbatar kuɗin ya kai ga marasa lafiya. Abu na ƙarshe, masu shirya taron sun ce za su fi so ayyukan su nuna halin da masu taɓin hankali suke ciki, ni kuwa ban san yadda zan zana wannan ba tare da na ci mutuncin waɗanda ake son taimaka wa ba. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Ni ba ni da sani a kan kasuwar zane, saboda haka zan tsaya a kan abin da na sani, wato inda kuɗi yake yin amfani a wannan fanni.

Ƙasar nan tana da mutane sama da miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a cikinta 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma yawancinsu suna manyan birane. A Arewa, iyalai suna ɗauko mara lafiya daga nesa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, kwanciyar asibiti ba ita ce ta fi karya iyali ba, abin da ke biyo bayan sallama ne. Mutum zai samu sauƙi, a sallame shi da umarnin ya ci gaba da shan magani kullum, ko ya riƙa dawowa a yi masa allura lokaci zuwa lokaci. Wata na farko 'yan'uwa za su haɗa kuɗin mota da na magani, wata na biyu su yi ƙoƙari, daga nan sai aljihu ya gaza, a daina magani, ciwon ya dawo, wani lokaci fiye da yadda yake da farko. A wannan gaɓar ce ake yanke ƙauna daga asibiti, a ce ai an gwada bai yi ba, a kai shi gidan mari. Duk mun tuna watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa, kuma ba a daɗe ba aka gano irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba duka ne marasa tausayi ba, da yawansu hanya ce ta ƙare musu.

Don haka idan ni ce, tambayar da zan yi wa ƙungiyar ita ce: mutum nawa za ku ɗauki nauyin maganinsu, na tsawon wata nawa, kuma ta hannun wane asibiti? Kalmar wayar da kan jama'a tana da faɗi, tana iya haɗiye kuɗin gwanjo gaba ɗaya a hayar zaure da riguna da alluna. Ba na raina wayar da kai, domin tsangwama tana hana mutane zuwa asibiti tun da wuri, amma a rubuta kason da zai tafi magani da kuɗin mota tun kafin ranar. Ƙungiyar da ke aiki da gaske ba za ta ji haushin wannan tambaya ba.

Game da abin da za ka zana, ina roƙonka kada ka kawo mana mutum cikin tsumma yana tsintar bola, ko mai sarƙa a ƙafa yana ihu. Wannan shi ne hoton da ke kan kowa tun farko, kuma shi ne yake sa mai ciwon damuwa, ko matar da ta rikice bayan haihuwa, su ƙi zuwa wurinmu don kada a haɗa su da shi. Yawancin waɗanda muke dubawa malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da matan aure, waɗanda za ka zauna kusa da su a mota ba ka san komai ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ginu ne a kan mutunci da haƙƙin mara lafiya, kuma ya dace gwanjon da aka shirya da sunansu ya bi wannan tafarki.

Dillalin Kayan Fasaha, Abuja:

Ɗan'uwa, tsoronka a kan farashi yana kan hanya, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Gwanjo yana tashi ne idan akwai aƙalla mutum biyu masu kuɗi da suke son abu guda. A Legas akwai irin wannan kasuwa, kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjon zane a can tun 2008, kuma kowa ya ji labarin zanen Ben Enwonwu da aka sayar a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Amma kada wannan ya ruɗe mu, domin a Kaduna ko Zariya waɗanda suke cika zaure a irin wannan taro yawanci ma'aikatan lafiya ne da ɗalibai da 'yan uwan masu zanen, mutanen kirki waɗanda ba su zo da kuɗin sayen zane ba. Idan masu shiryawa ba su bi manyan 'yan kasuwa da bankuna da otal-otal da ofisoshin jakadanci sun nuna musu hotunan ayyukan tun makonni kafin ranar ba, za a yi ta tafi, amma kayan za su tafi a wulaƙance.

Saboda haka kada ka miƙa aikinka sai da yarjejeniya a rubuce. A sa mafi ƙarancin farashin da za a sallama, idan tayi bai kai nan ba a ce albarka, a dawo maka da abinka lafiya cikin lokacin da aka ƙayyade. A rubuta wanda zai ɗauki asara idan aikin ya lalace a hanya ko a zaure. A rubuta ko mai buga gwanjon zai cire la'ada, da ko za a cire kuɗin zaure daga cinikin. Ka kuma sani cewa wanda ya sayi zanen ya mallaki zanen ne kawai, haƙƙin buga shi a kalanda ko riga ko kati yana nan hannunka sai idan ka sallama shi a rubuce, don haka idan ƙungiyar tana son amfani da hotonsa a tallarta, a fayyace iyakar hakan. Ba abin kunya ba ne kuma ka ce a mayar maka da kuɗin kayan aiki, sauran ya zama sadakarka. Wajen tantance ƙungiyar, ka nemi lambar rajistarta ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, ka duba sunayen amintattunta, kuma ka tabbatar masu saye za su biya cikin asusun banki mai sunan ƙungiyar, ba na wani mutum ba.

Ra'ayina na kaina, idan suka ƙi sanya mafi ƙarancin farashi, gara ka sayar da zanen ga mai sayenka na kullum a kan darajarsa, ka kai kuɗin da hannunka sashen walwalar marasa lafiya na asibitin da ka yarda da shi.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:

Ina da ƙari kaɗan a kan maganar Alhaji dillali. Ciniki ta hanyar wa zai ƙara halal ne a wurin jumhurun malamai. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi alhali ba ya nufin saye, sai don ya ingiza wani ya biya da yawa, kuma hanin ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Na kawo wannan ne domin a gwanjon agaji ana samun mai ganin cewa tun da kuɗin na marasa lafiya ne, babu laifi a dasa mutane cikin zaure su riƙa ɗaga hannu. Kyawun manufa ba ya halatta yaudarar mai saye. Sanya mafi ƙarancin farashi a fili, kamar yadda Alhaji ya faɗa, ya wadatar daga wannan dabara.

Sannan, Malam, ka lura da waɗanda kake fatan su saya. Akwai masu hali da yawa a garuruwanmu da ba za su rataya hoton mai rai a ɗakinsu ba, ko da yake malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a kan kyalle ko takarda. Irin waɗannan za su sayi rubutun ado, da zayyana, da dagi, da hoton ganuwa ko kasuwa ko kogi da hannu bibbiyu.

Tsohon Malamin Zane, Zariya:

Ɗana, na yarda da Malama mai jinya a kan tsumma da sarƙa, amma ba na son maganarta ta sa ka gudu daga batun gaba ɗaya ka kawo furanni kawai. Garin da kake zaune shi ne inda Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai, a kan cewa mai zane ya ɗauki ƙwarewar da ya koya ya faɗi abin da ke cikin al'ummarsa da ita. Ciwon damuwa da na ƙwaƙwalwa yana cikin al'ummarmu, kuma ana iya zana shi daga ciki, ba daga idon mai kallo a bakin titi ba. Uwa zaune a bencin asibiti riƙe da katin ɗanta, ko mutum shi kaɗai a tsakiyar taron biki, ko wanda ya warke ya koma bakin sana'arsa, duk batun ne, kuma babu wanda aka tozarta. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya suke zama cikin jama'a tare da danginsu suna karɓar magani, kuma wannan tunani na mutum a cikin mutanensa ya ishi mai zane abin aiki.

Abin da nake gargaɗinka da shi kuma shi ne kada ka ɗauko aikin da ya kwana a shago shekara da shekaru babu mai so. Masu saye suna ganewa, kuma sunanka ne zai kasance a ƙarƙashinsa. Idan ba za ka iya ba da babban aiki mai kyau ba, ka ba da ƙarami mai kyau.

Mai Zane daga Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan tara sauran abokan aikin da aka gayyata mu rubuta wa ƙungiyar takarda guda, mu nemi yarjejeniyar da Alhaji ya zayyana da kuma kason magani da Malama ta ambata, domin muryar jama'a ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Zan ba da ayyuka biyu matsakaita, ɗaya na zayyana, ɗaya kuma a kan uwar da ke jira a asibiti kamar yadda Baba ya kawo. Saura tambaya guda gare ki, Malama: masu shiryawa sun ce suna tunanin haɗawa da ayyukan hannu na marasa lafiya da kansu. Shin hakan ya dace?

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Ya dace, Malam, idan an bi ƙa'ida. Asibitocin ƙwaƙwalwa suna da sashen koyar da sana'ar hannu a matsayin wani ɓangare na jinya, kuma akwai masu saƙa da ɗinki da zane masu kyau a cikinsu. Sai dai dole a nemi yardar mai aikin a lokacin da yake cikin natsuwarsa, ya fahimci inda za a kai aikin da waɗanda za su gan shi, kuma a sanar da shi cewa yana da damar ƙi ba tare da hakan ya shafi jinyarsa ba. Kada a rubuta sunansa ko irin ciwonsa a jikin aikin sai idan shi ya nema, kada a ɗauki hotonsa don Facebook, kuma kuɗin aikinsa nasa ne, sai abin da ya ga dama ya bayar. Ku sa wannan ma a cikin takardar da za ku aika musu, kuma ku nemi a bi ta hannun likitan da ke duba shi da shugaban sashen kafin a ɗauki komai.