Kiran 'yan talla ya ishe ni, wa ke da magani?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Jiya ina sahun gaba a sallar la'asar, na manta ban kashe ƙarar waya ba, sai ta kama ruri a aljihu har liman ya yi sallama. Ina fita ta sake bugawa, na ɗauka da sauri, ashe muryar wata mata ce da aka naɗa, wai in danna ɗaya a saka min waƙar kira. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni kuma hatsi nake sayarwa, kowane kira dole in ɗaga, ban san ko mai sayen buhu hamsin ba ne.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Sannu Baban Ummi. Ka shiga wajen rubuta saƙo, ka rubuta STOP, ka tura zuwa 2442. Kyauta ne. Ni tun da na yi kunnena ya huta.

Baban Ummi: Shi ke nan? Ba wata rajista?

Injiniya: Shi ke nan, Alhaji. Hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ita ta fito da wannan lamba a 2016, ta kuma wajabta wa duk kamfanonin layi su yi aiki da ita, saboda haka ko wane layi kake riƙe da shi lambar ɗaya ce. STOP yana rufe ƙofar talla gaba ɗaya. In akwai wanda kake so ya riƙa shigowa, ka tura HELP, za su jero maka rukuni rukuni, na banki da inshora, na ilimi, na lafiya, na wasanni, na addini da sauransu, ka zaɓi lambar wanda kake so. In kana shakkar ko ya kama, ka tura STATUS. Amma fa in wayarka mai sim biyu ce, kowane sim sai an tura masa nasa. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su rufe ɗaya su bar ɗaya, su dawo suna cewa abin ƙarya ne.

Malam Na Tsangaya: Injiniya, in tambaye ka. Ba zai hana alat na banki shigowa ba? Albashina da shi nake ganewa.

Injiniya: Alat yana shigowa, Allah gafarta malam, da lambar sirri da banki ke turowa. Inda ake samun matsala shi ne saƙon da ake turawa jama'a da yawa lokaci guda ta hanyar 'yan talla, irin na makarantun kuɗi da ƙungiyoyi da gayyatar biki. Wasunsu ba sa ratsa layin da aka rufe.

Maman Khalifa: Au, shi ya sa! Wancan zangon makarantar su Khalifa suka ce sun turo saƙon taron iyaye, ni ban gani ba, har na yi musu da malamar. To yanzu na gane. Amma wallahi gara in rasa taron iyaye da in koma waccan azabar.

Ɗan Autan Zaure: Baba, ka duba kuma ko suna cire maka kati. Da yawa wannan danna ɗayan da ake cewa, in hannu ya kuskure ya taɓa, an yi maka rajistar wani abu ke nan, kullum ana gutsurar naira ashirin ko hamsin ba ka sani ba. Ka danna *305# ka ga abin da ke kan layinka, ka soke. Tun 2023 da aka haɗe gajerun lambobi, wannan ma ɗaya ce a duk layuka, kamar yadda *310# ke nuna kuɗin da ya rage.

Anti Mai Ɗinki: Ku dai naku mai sauƙi ne. Ni nawa ba inji ba ne, mutum ne da bakinsa. Wata uku ke nan wasu masu ba da bashi ta manhajar waya suke kirana, wai wata ta ci bashinsu ta sa ni a matsayin mai tsaya mata. Na rantse ban tsaya wa kowa ba. Yarinyar sau ɗaya na yi mata ɗinkin sallah, ta ajiye lambata. Kira safe, kira dare, in na toshe wannan lamba su ɓullo ta wata. Ranar nan ina tsakiyar yanka leshin amarya suka kira, raina ya ɓaci, almakashi ya zarce. Na tura STOP ɗin nan tun tuni, ko gezau.

Injiniya: Anti, ciwonki daban, maganinsa daban. 2442 kamfanin layi yake ɗaurewa da masu bi ta hannunsa su yi talla. Wanda ya sayi sim kamar ni da ke ya buga miki, a wajen na'ura kira ne kawai irin na kowa. Yadda suka samu lambarki kuwa, lokacin da yarinyar ta sauke manhajar an tambaye ta izinin duba sunayen da ke wayarta, ta amince, suka kwashe duka. Wannan ɗabi'a ce ta sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta taso musu a 2022, ta ce sai sun yi rajista da ita, Google ma daga 2023 ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan mutane. Sai dai wasu ba ta shagon Google ake sauke su ba, mahaɗi ake turo wa mutum. Ki riƙa ɗaukar hoton allo na kowane kira da saƙo, da kwanan wata, da sunan da suke kiran kansu, ki kai ƙara FCCPC. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumarta, NDPC, ita ma hurumin ta ne.

Hajiya Babba: 'Yata, kafin hukuma ta motsa, ki daina yi musu bayani. Rantsuwar da kike yi ita ke nuna musu kin damu, su kuma damuwar suke nema don ki je ki matsa wa yarinyar. Kalma ɗaya: ban ci ba, ban tsaya ba. Ki kashe. Mai neman kuka ne, kar ki jefe shi da kashin awaki.

Anti Mai Ɗinki: Na gode Hajiya. Gaskiya ni ce ke biye musu.

Ɗan Autan Zaure: Ku sauke manhajar Truecaller kawai, tun kafin ka ɗauka za ta nuna ja in ɗan damfara ne ko ɗan talla.

Kawu Direba: Kai yaro, bar ni da wannan abar. Tana aiki, ban musa ba. Amma sunayen da take nunawa daga wayoyin mutane take tattaro su. Na kira wani fasinja ya ƙi ɗauka, da muka haɗu a tasha ya nuna min abin da ya fito masa: "Direba mai tsada". Shekara ashirin ina kan titin Kano zuwa Zariya, sunan da na samu ke nan.

Maman Khalifa: Kawu, to ƙarya aka yi?

Kawu Direba: Ke ma za ki zo neman kujerar gaba.

Injiniya: Kawu yana da hujja. Wanda ba ya son haka, akwai inda ake cire lamba a shafin Truecaller. Kuma yawancin wayoyin Android suna da wajen toshe lamba a cikin manhajar kira, ka danne lambar ka riƙe, zaɓin zai fito. iPhone tana da saitin da ke sa duk baƙuwar lamba ta shigo shiru, WhatsApp ma ya kawo irinsa a 2023, a ɓangaren sirri. Amma wannan ba na Alhaji ba ne, ɗan kasuwa da baƙuwar lamba yake ci.

Malam Na Tsangaya: Ni abin da ya fi tsorata ni masu cewa daga banki suke. Wani ya kira ni da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunana, ya ce za a rufe asusuna in ban karanto masa lambar da ta shigo yanzu ba. Na ce masa ina zuwa reshe da ƙafata. Ya kashe. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ko ta kati ko wadda ake turowa. Haka nan lambar ƙasar waje da ke bugawa sau ɗaya ta katse, kada a bi ta, katinka za ta lashe.

Hajiya Babba: Mu ma da laifinmu. Duk mahaɗin da aka turo wai rajistar tallafi, sai mu cika suna da lamba da jiha, har mu tura wa mutum goma. Ni yanzu sim biyu gare ni, ɗaya na banki da 'ya'yana, ba ya fita ko'ina, ɗaya na cika fom da biki.

Baban Ummi: To in na tura STOP ɗin kuma suka ci gaba fa?

Injiniya: Ka fara kiran kamfaninka a 300, ka shigar da ƙorafi, ka ce su ba ka lambar ƙorafin, ka rubuta ta. In ba su gyara ba ka kira 622, layin NCC ne, kyauta. Za su tambaye ka waccan lambar, shi ya sa na ce ka ajiye.

Baban Ummi: Jama'a na dawo. Na tura a duka sim biyun shekaranjiya, yau kwana biyu matar nan ba ta neme ni ba. Ɗan Auta, Allah ya yi maka albarka, na danna *305# na tarar da abu uku a kaina, har da na hasashen ƙwallo, ni da ban san yawan 'yan wasan da ke shiga fili ba. Na soke su.

Ɗan Autan Zaure: Amin Baba. Amma na ƙwallon nan, a binciki Yaya Ummi da ƙannenta, wa ke karɓar wayarka da daddare?

Anti Mai Ɗinki: Injiniya, hotunan allon sun kai sha huɗu. In haɗa har da na saƙon da suka tura wa maigidana?

Injiniya: Har shi, Anti. Shi ma ya fi muhimmanci, ki sa shi a farko.