Neman shawara kan binciken digiri na biyu a dokar kasuwanci

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa lauyoyi. Ina karatun digiri na biyu a fannin dokar kasuwanci ta ƙasa da ƙasa a nan Zariya, kuma bincikena ya tsaya cak a babi na uku.

Ina nazarin yadda ake warware rikicin ciniki tsakanin 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi. Nijar tana bin dokokin OHADA, wato ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, wadda yarjejeniyar 1993 ta kafa, kuma babbar kotunta tana Abijan, alhali Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, sai dai duka ƙasashen biyu sun shiga Yarjejeniyar New York ta 1958 kan amincewa da hukuncin sasanci. Matsalata ita ce yawancin hukunce-hukuncen kotun OHADA da Faransanci aka rubuta su, ni kuwa ba na jin sa. Na kwana uku da ƙamus a gefen tabarma ban gama shafi biyu ba.

Shin akwai fassarar Turanci da za a dogara da ita? Ko in taƙaita binciken ga dokar sasancin Najeriya ta 2023? Raina bai so hakan ba, domin 'yan kasuwarmu a kan iyakar suke shan wahala.