Wace kujera ta dace da dogon karatu a tsakar gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. A Jos nake, ina son kujerar da zan iya awa uku a kanta ina karatu a ƙarƙashin mangwaro. Ta roba ko ta katako?

Kafinta:
Wa alaikumus salam Malam. Ta katako. Rana na busar da roba ta tsage, kuma ƙafafunta na buɗewa a kan ƙasa. Ka shiga Kasuwar Katako ka nemi madaci ko loko wanda ya bushe sosai, ɗanye lanƙwashewa yake. Tsayin mazauni inci 17, zurfinsa inci 18, majingina ta ɗan kwanta baya kaɗan. Idan ta kwanta da yawa, wuya ne zai sha wahala. Lallai a sa mata hannuwa, su ke ɗauke wa kafaɗa nauyin littafi.

Mai ɗinkin kushin:
Soso mai tauri, inci 4. Mai laushi lotsewa yake, ka ji katako a ƙugu. A yi masa riga mai zif, a riƙa shigar da shi ɗaki da damina.

Mai walda:
Ta ƙarfe kam ban ba ka shawara ba, sanyin hunturun Jos sai ta zama kamar ƙanƙara. Ɗora ƙafafun ta katakon a kan siminti saboda gara.