Baƙin rami a Blender: nawa yana fitowa kamar duniyar Satun, ina gyaran yake?

Sadiya_Zane:
Assalamu alaikum. Ina haɗa gajeren katun na daƙiƙa 40 a Blender, manhajar zanen 3D, jirgin sama-jannati yana wucewa ta gefen baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya iya kuɓucewa nauyinsa. Na sa baƙin ƙwallo a tsakiya, na zagaye shi da faifai mai haske, amma abin da ke fitowa Satun ne kawai aka yi wa baƙin fenti. Me ke sa faifan ya bayyana a sama da ƙasan ramin a hotunan masana? Kuma wane girma zan ba kowane sashe?

Malam_Fizis:
Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Matsalar ita ce a Cycles, injin da Blender ke fitar da hoto da shi, haske miƙe yake tafiya, alhali kusa da baƙin rami lanƙwashewa yake yi. Bakan da kike gani a sama bayan faifan ne: haskensa ya taso, nauyin ramin ya karkato shi ya biyo ta sama zuwa kyamara. Na ƙasa kuma fuskar ƙasa ta faifan ce ta baya, ya zagayo ta ƙarƙashi.

Ki ɗauki nisan tsakiya zuwa iyakar da haske ba ya dawowa a matsayin 1. Ga ramin da ba ya juyawa, a 1.5 haske ke iya kewaya shi. Baƙar inuwar da kyamara ke gani ta fi ramin kansa girma, tana kaiwa kusan 2.6. Bakin faifan na ciki yana farawa a 3, domin ƙasa da nan babu abin da ke iya dawwama a kewaye, sai faɗawa. Mutane da yawa suna manna faifan jikin ƙwallon, shi ke ɓata hoton tun farko. Bakin waje ki tsayar a 10 ko 12 ya dushe a hankali. Kyamara ta ɗan ɗago da digiri 5 zuwa 10 bisa faifan. Daga digiri 10 masanin taurari Jean-Pierre Luminet ya zana hotonsa na baƙin rami a 1979: kwamfutar IBM 7040 ta yi lissafi, shi kuma ya ɗiga ɗigon tawada da hannu.

Bash3D:
Ƙari a kan bayanin Malam. Hanya biyu ce. Ta arha: ƙwallon gilashi a kewaye da baƙin ƙwallon, kina wasa da ƙarfin karya haskensa har bakan ya fito. Tana yi idan kyamara a tsaye take. Da ta motsa asiri zai tonu, saboda lanƙwasar gilashi a fatarsa take faruwa, za a ga gefen ƙwallon ƙarara.

Tunda jirginki wucewa zai yi, ki rubuta lanƙwasar hasken da OSL, yaren kwamfuta da Cycles ke karɓa don lissafa launi da haske. Daga kowane fiksel ki harba haske baya, ki riƙa tura shi taki-taki. A kowane taki ki karkatar da shi zuwa tsakiya da ƙarfin 1.5 sau h² a raba da r⁴, inda r shi ne nisan hasken daga tsakiya. Shi h ana samunsa sau ɗaya tun farko, daga wurin da hasken ya taso da inda ya dosa, ba ya canzawa. Idan r ya gaza 1, fiksel baƙi ne. Idan ya wuce wajen 30, ki ɗauko launi daga hoton taurari. Idan ya ratsa shimfiɗar faifan tsakanin 3 da 12, ki tara launin faifan amma kada ki tsayar da shi, ya ci gaba, domin ratsawa ta biyu da ta uku su ke ba da siririn zoben nan na bakin inuwa.

Inda ake faɗuwa: taki mai faɗi. In kin bar shi 0.1 ko'ina, zoben zai fito a kakkarye. Ki rage shi zuwa 0.02 idan r ya gaza 3. Sai taurari, da ke ƙyaftawa daga firam zuwa firam kusa da inuwa saboda an matse sarari mai yawa cikin fiksel ɗaya. Ki ɗan dusashe hoton taurarin, ki ƙara yawan samfur, wato adadin hasken da ake harbawa daga kowane fiksel. Renda kuma, wato aikin ƙarshe da kwamfuta ke fitarwa, ki fitar da ita hoto-hoto a tsarin fayil na EXR, in an ɗauke wuta ki ɗora daga inda ta tsaya.

Hauwa_Motsi:
Ni juyin faifan ne damuwata, don nan ake gane aikin gaggawa. Faifan ba ya juyawa gaba ɗaya kamar faranti. Ciki ya fi sauri: abin da ke nisan 12 sai ya yi zagaye ɗaya na nisan 3 ya yi takwas. Amma in kin sa wannan kai tsaye, bayan firam ɗari biyu ko uku zanen zai nannaɗe ya koma zare-zare. Maganinsa shimfiɗa biyu na zanen, kowace tana komawa farko a lokacin da ta dushe, ɗayar tana rufe ta.

Haske ma ba daidai yake ba. A bakin faifan na ciki iskar gas da ke cikinsa tana gudun rabin saurin haske, don haka gefen da ke tahowa wajen kyamara ya fi mai tafiya haske ninki ashirin da wani abu, ya kuma karkata zuwa shuɗi. Ko a hoton baƙin ramin M87* na Afrilun 2019 gefe ɗaya ya fi haske.

Malam_Fizis:
Gaskiya ne, Hajiya Hauwa, sai dai ba dole ba ne a zuba shi duka. Masu fim ɗin Interstellar na 2014, duk da masanin fizis Kip Thorne na tare da su, cire wannan bambancin suka yi don kada mai kallo ya rikice. Ni ina ganin cirewa gaba ɗaya asara ce, bambancin ne ke nuna wa ido inda faifan ya dosa. Ninki uku ko huɗu ya wadatar.

Saurin juyin kuma ya danganta da ramin da kika zaɓa. A baƙin ramin Sagittarius A*, mai nauyin rana miliyan 4, zagaye a bakin faifan na ciki kusan rabin awa ne. A M87*, mai biliyan 6.5, ya haura wata guda. Cikin daƙiƙa 40 da ƙyar za a ga motsi, don haka in kina son a ji girman ramin, ki bar faifan yana jan jiki, jirgin ya ɗauki saurin.