Wa ya kalli efisod na farko na The Flash? Ina neman shawara kafin in ci gaba

ɗan_kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na kalli efisod na farko na The Flash, wancan na 2014 da Grant Gustin ya fito a Barry Allen, wani abokina ne ya dame ni wai sai na kalla har ya tura min sizin ɗin farko gaba ɗaya a waya, efisod 23. To na kalli na farkon kuma wlh na rasa me zan ce, ba zan ce bai yi kyau ba amma kamar ana kora ni ne da bulala tun daga farko har ƙarshe. A cikin minti arba'in da 'yan kai an kashe uwar yaro, an ɗaure ubansa, ya girma ya zama ma'aikacin binciken 'yan sanda, injin cibiyar binciken kimiyya ta STAR Labs ya fashe, tsawa ta faɗa masa, ya yi doguwar suma wata tara, ya farka ya ga yana gudu kamar walƙiya, yarinyar da yake so ta yi saurayi, ya sheƙa har wani gari neman shawara, an ba shi kaya ja, ya yi faɗa da bos, an kashe bos. Haba! Wannan ai labarin efisod huɗu ne aka cusa a buhu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bos ɗin, Clyde Mardon. Mutum yana iya haɗa hadari da hazo da guguwa da hannunsa amma abin da ya ga ya dace ya yi da wannan baiwar shi ne fashin banki, daga nan sai ya fara cewa shi ubangiji ne (wa'iyazubillah), can kuma ɗan sanda Joe ya ɗirka masa harsashi shi ke nan an wuce wurin. Ban san shi ba, ban ji tsoronsa ba, da ya mutu ko a jikina. Tambayata ita ce, haka sauran suke? In haka ne gara in goge in samu fili a waya. Don Allah kar a fasa min ƙwan abin da ke gaba.

Baban_Siris ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge tukunna, zauna mu yi magana. Maganar saurin da ka yi gaskiya ce ba zan musa maka ba, amma akwai dalili. Shi Barry ba a wannan efisod ɗin aka fara nuna shi ba, ya fito a wani shirin mai suna Arrow sizin na biyu efisod na 8 da na 9 a watan Disamba 2013, a can aka gabatar da shi a natse, har tsawar ma a ƙarshen na 9 ɗin ta faɗa masa. Su masu shirin sun ɗauka da yawan masu kallo sun riga sun san yaron, shi ya sa suka taka wuta. Garin da ka ce ya sheƙa neman shawara Starling City ne, mutumin da suka tsaya a saman bene kuma Oliver Queen ne jarumin Arrow, kai da ba ka kalli wancan ba dole ka ga kamar daga sama aka jefo shi.

Sannan ka tuna me ake nufi da irin wannan efisod na farko a Amurka. Na gwaji ne, kamar ɗanɗanon da mai tsire ke yanka maka kafin ka ce a sa na nawa. Gidan talbijin na CW ake so ya gani ya ce a ci gaba, mai kallo kuma ya dawo mako mai zuwa, saboda haka dole a zuba komai a faranti ɗaya. Daraktan David Nutter ne, kuma wannan ce sana'arsa, shi ya yi na farkon Smallville (shirin samartakar Superman) a 2001, shi ya yi na farkon Arrow a 2012. Da aka haska shi ranar 7 ga Oktoba 2014 mutum kusan miliyan biyar suka kalla a Amurka, a wurin CW wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shirin ya kai sizin tara sai 2023 ya ƙare.

Amma ni abin da ya ba ni mamaki a rubutunka shi ne ba ka ambaci minti biyun ƙarshe ba, ko dai ka kashe da ka ga an harbe Mardon? Dr. Harrison Wells, shugaban STAR Labs, da muka wuni muna tausaya masa a keken guragu ya shiga wani ɓoyayyen ɗaki, ƙofa ta rufe, sai kawai ya miƙe tsaye da ƙafafunsa ya cire tabarau, ya buɗe wata jarida mai kwanan watan 25 ga Afrilu 2024, shekara goma gaba kenan a lokacin, tana cewa Flash ya ɓace. Wlh ranar da na fara ganin wurin nan sai da na mayar baya sau uku. Mardon ba shi ne abin kallo ba ɗan uwa, an kawo shi ne kawai don Barry ya samu abin da zai gwada ƙafarsa a kai. Iya abin da zan faɗa kenan tunda ka ce kar a fasa ƙwai.

Bazamfare ya rubuta:

Baban_Siris ina girmama ka amma nan kam ban bi ka ba. In sai na je na kalli wani shiri daban kafin in gane efisod na farko to ai laifin masu shirin ne ba na mai kallo ba. Kuma zancen wai dole a zuba komai a faranti ɗaya, je ka kalli na farkon Daredevil na Netflix da ya fito a Afrilu 2015, wata shida kacal tsakaninsu. An buɗe da hatsarin da ya makantar da jarumin, Matt Murdock, yana yaro, daga nan sai ga shi babba zaune a coci gaban fada (limamin coci) yana ba da labarin babansa ɗan dambe, kyamara na kan fuskar Charlie Cox da ya fito a Matt minti da minti ba a gaggawa, kafin ya kai naushi ko ɗaya ka riga ka san irin wutar da ke cin mutumin nan a ciki. Kaya ma ba su ba shi ba, baƙin ƙyalle ne ya ɗaure rabin fuska. Babban bos ɗin kuwa Wilson Fisk ko fuskarsa ba a nuna ba sai ƙarshen efisod na uku, yaransa ma tsoron kiran sunansa suke yi, kuma wannan tsoron ya fi guguwar Mardon shiga jikina nesa ba kusa ba.

Wani abin da ke damuna da Flash shi ne kowa sai ya faɗi abin da ke ransa da baki. Caitlin, likitar STAR Labs, ta tsaya ta yi maka bayanin dalilin da ba ta murmushi, Wells ya ce wa Barry shi ba jarumi ba ne, bayan minti goma ya dawo ta rediyo yana ce masa ya yi gudu zai iya. Ba a bar mai kallo ya gano komai da kansa ba. Na yarda dai Netflix sun saki efisod 13 ɗinsu rana ɗaya babu talla a tsakani, su kuwa CW dole su yanka labari gida-gida saboda talla, wannan uzuri ne na karɓa, amma uzuri ba ya mayar da abu ya fi yadda yake.

Ummin_yara ta rubuta:

Ku duk kun tsaya kan bos da gudu, ni kuwa abin da ya riƙe ni daban ne. Wurin da Barry ya je gidan yarin Iron Heights ganin babansa, gilashi a tsakaninsu suna magana ta waya, uban yana roƙonsa ya daina wahalar da kansa a kan shari'ar ya je ya yi rayuwarsa, shi kuma yana ce masa bai taɓa jin kunyar zama ɗansa ba, suka haɗa tafin hannu a jikin gilashin. Ina cikin ninke kayan yara nake kallo, sai na tsinci kaina na ajiye rigar da ke hannuna ina share hawaye. Yaro ɗan shekara 11 ya ga abin da ya kashe uwarsa da idonsa, wani abu kamar mutum cikin walƙiya rawaya, ya faɗa wa kowa an ce ruɗewa ce ta yarinta, shekara 14 yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Daga baya ne maigidana yake gaya min wai wanda ya fito a uban, John Wesley Shipp, shi ne ya yi Flash a tsohon shirin 1990, sai abin ya ƙara min daɗi.

Sai kuma Joe West. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani ko aka riƙe shi zai gane mutumin nan. Shi ɗan sanda ne da ya yarda uban Barry ne ya yi kisan, amma ya ɗauki yaron ya haɗa da 'yarsa Iris ya raine su gida ɗaya. Wurin da ya daka masa tsawa a bakin titi cewa babu wani mai walƙiya, babanka ne ya kashe ta, ya yi min zafi sosai domin ka ga ba ƙiyayya ba ce, gajiya ce da tsoron kar yaron ya lalace. Shi ya sa da ya ga gudun Barry da idonsa a gonar da aka yi faɗa da Mardon ya ba shi haƙuri ya ce ashe babanka ba shi da laifi, a wurina nan ne efisod ɗin ya kai inda za shi, ba wurin guguwa ba.

Na ga wasu na ƙyamar wai ya za a yi ya so Iris alhali tare suka tashi. Mu a nan wannan ai ba baƙon abu ba ne, ba jini ɗaya ba, ba nono ɗaya suka sha ba, sau nawa ɗan riƙo ya auri 'yar gida? Abin da ban so ba dai shi ne yadda Joe ya sa shi alkawarin ɓoye wa Iris komai, ita kaɗai aka bari a duhu kamar ƙaramar yarinya, kuma a efisod ɗin ba a ba ta wani abin yi ba ban da kai kofi da zama budurwar Eddie, abokin aikin Joe.

Baban_Siris ya rubuta:

Hajiya kin gama magana. Bazamfare ni ma ina son Daredevil amma ba tafiyarsu ɗaya ba, wancan dare ne da jini, wannan kuwa an yi shi ne da rana tsaka don ka ji daɗin da yaron ke ji. Dubi wurin gwajin gudunsa a filin jirgi, yana dariya kamar an ba yaro sabon keke har ya tuno daren mutuwar uwarsa ya afka cikin gangunan ruwa ya karya hannu, bayan awa uku ƙashin ya haɗe. A lokacin kusan duk jaruman nan fuska a murtuke suke, samun wanda ke murna da baiwarsa sabon abu ne.

ɗan_kurna ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a. Yaya Baban_Siris ka kama ni, wlh ban ga wurin keken guragun ba, da aka nuna tambarin shirin na ɗauka an gama na kashe. Yanzu na koma na kalla kuma na sake kallon wurin gidan yarin da Anti ta faɗa, jiya hankalina na kan jiran faɗa ban saurara da kyau ba. Har yanzu dai ina nan kan bakana game da Mardon, kuma Bazamfare zan nemi Daredevil ɗin. Abu ɗaya ya rage, in fara komawa efisod biyun nan na Arrow ne ko in wuce na biyu kai tsaye? Sannan wani keji da aka nuna a STAR Labs a fashe an rubuta Grodd a jikinsa, wannan kuma na mene ne?