Sun ce mu koma ofis kullum, kuma ana maganar rage ma'aikata. Na ajiye aikin ne ko na jira?

Assalamu alaikum 'yan group. Admin dan Allah a sakaya sunana. Ina aiki da wani kamfani a sashen kula da kwastomomi, tun lokacin korona aka ce mu dinga aiki daga gida, daga baya ma manajanmu ya ce an bar mu haka dindindin, shi ne na tattara na koma kusa da mahaifiyata da ba ta da lafiya, garin kuma da nisa sosai da ofis. Yanzu kwatsam sai ga imel wai daga farkon wata mai zuwa kowa ya dawo ofis Litinin zuwa Juma'a, wanda ba zai iya ba ya tuntuɓi HR, wato sashen kula da ma'aikata. Kuma a mitin ɗin ƙarshe shugaban ya yi ta maimaita cewa za a sake fasalin kamfani, kowa ya gane rage ma'aikata yake nufi. Wallahi na kasa barci, ba zan iya barin Mama ba kuma ba zan iya rasa albashin ba don da shi nake sayen maganinta. Zuciyata na ce min na rubuta takardar ajiye aiki tun kafin a kore ni a ɓata min suna. Ku ba ni shawara dan Allah.

Wata mamba:
Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Abu ɗaya zan roƙe ki, kar ki rubuta takardar nan. Idan kika ajiye da kanki, a mafi yawan wurare kin yafe kuɗin sallama ke nan, kamfani ya huta bai biya ki komai ba sai albashin kwanakin da kika yi. Idan su suka sallame ki saboda rage ma'aikata, akwai notis, akwai kuɗin sallama gwargwadon kwantiraginki da dokar ƙasar da kike, kuma ba ɓacin suna ba ne. Kora saboda laifi daban, rage ma'aikata daban, duk mai ɗaukar aiki ya san bambancin. Kar ki saki reshe ki kama ganye.

Wani mamba:
Ƙanwata ni tambayata, maganar dindindin ɗin nan a rubuce take ko da baki manajan ya faɗa? Nan ne gaba ɗaya maganar take. Ki ɗauko kwantiraginki ki duba wurin da aka rubuta inda za ki yi aiki. In an rubuta gida, to canza shi canza sharaɗin kwantiragi ne, kina da ƙafar tsayawa. In ofis aka rubuta kuma akwai layin da ya ce kamfani na iya canza wurin aiki, to sai ki nemo duk wani imel ko saƙo da aka taɓa ce miki kin zama mai aiki daga gida, ko da saƙon da kika sanar da su za ki tashi suka amsa da to. Ki adana su yau ba gobe ba.

Mai tambaya:
Yaya, da baki manajan ya faɗa a mitin, amma akwai imel da na tura masa lokacin da zan tashi, ya amsa cewa ba matsala tunda aikinmu daga gida ne. Kwantiragin kuma tsohon ne, ofis aka rubuta.

Wani mamba:
To wannan imel ɗin ki riƙe shi da kyau, ba ƙaramin abu ba ne.

Wani mamba daban:
Ni dai zan faɗi abin da na lura da shi, manyan kamfanoni sun daɗe suna haɗa abubuwan nan biyu. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, cikin watan Nuwamba ya sallami kusan rabin ma'aikata sannan ya soke aiki daga gida. Meta, kamfanin Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000 a watan nan ɗaya, Google 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000. Amazon bayan ta rage dubbai sai ta ce a dawo ofis kwana uku a sati, sannan a Satumban 2024 shugabanta Andy Jassy ya ce kwana biyar daga Janairun 2025. Dell kuma a 2024 cewa ta yi wanda ya zaɓi zama a gida gaba ɗaya ba ƙarin girma. Lissafin a fili yake, in aka matsa wa mutane wasu za su tafi da kansu, kuma wanda ya tafi da kansa ba a biyan shi kuɗin sallama. Shi ya sa nake tare da 'yar'uwar da ta ce kar ki rubuta komai.

Wata mamba daban:
Malam gaskiya ne amma a yi adalci, shi Jassy ɗin ya fito ya musanta cewa hanya ce ta korar mutane ta bayan gida, kuma akwai shugabannin da da gaske suke ganin sababbin ma'aikata ba sa koyon aiki sai suna zaune kusa da tsofaffi. Ba mu san zuciyar kamfaninta ba. Kar mu tura ta wajen HR da fushi tana zargin su. 'Yar'uwa ki je da buƙata, ki ce mahaifiyarki ba lafiya, ki nemi a ba ki keɓantaccen izini ko a raba miki kwanakin, wasu a ofis wasu a gida, ko a ƙara miki lokaci kafin ki dawo. Kuma kina da hujja, akwai binciken da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokansa suka yi a kamfanin Trip.com na Chaina, aka buga a mujallar Nature a 2024, waɗanda aka bari suna kwana biyu a gida aikinsu bai ragu ba, masu ajiye aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku. Amma ki fi dogara da naki sakamakon, yawan kwastomomin da kike warware wa matsala da yabon da aka taɓa yi miki a rubuce.

Wata 'yar'uwa:
Ni abin ya taɓa faruwa da ni, bari na faɗa miki yadda ranar take don ki shirya. Gayyatar mitin aka turo min da safe ba take ba bayani, na shiga na ga manajata da wata daga HR tana karanto takarda, kafin na gama jin me take cewa an rufe imel ɗina, laftof ɗin ya fitar da ni, ko sallama da abokan aiki ban samu na yi ba. Takardun albashina da na auna ƙwazo duk suna ciki, sai da na yi ta roƙo kafin aka turo min. Don haka ki sauke naki tun yanzu, kwantiragi, takardun albashi, bayanin fansho, kwanakin hutun da ba ki ci ba, lambobin mutanen da za su tsaya miki shaida wajen neman wani aikin. Naki kawai fa, kar ki taɓa bayanan kwastoma ko sirrin kamfani, wannan kaɗai ya isa a kore ki da laifi ki rasa komai. Kuma in suka miƙo miki takardar sallama suka ce sa hannu, ki ce a ba ki lokaci ki karanta, don sau da yawa akwai layin da ke cewa kin yafe kai ƙara. Ki tambayi inshorar lafiya ma, ranar da za ta tsaya, musamman in Mama na ciki.

Wani mamba:
Doka kuma ta danganta da ƙasa. A Amurka dokar WARN ta 1988 ta ce kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da notis na kwana 60 kafin babbar sallama. A Birtaniya in za a rage mutum 20 ko fiye dole a fara tuntuɓar wakilan ma'aikata aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko. Ki duba ta inda kike, in kuna da ƙungiyar ƙwadago ki fara da su, in babu ki samu lauyan da ya san harkar aiki ya karanta miki kwantiragin da imel ɗin nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, na fasa rubuta takardar. Amma Anti in na rubuta wa HR ba zai sa su saka sunana a jerin waɗanda za a rage ba?

Wata 'yar'uwa:
Zai iya, ba zan ɓoye miki ba, amma shiru ya fi haɗari, in ranar ta zo ba ki je ofis ba kuma ba ki sanar ba za su rubuta ƙin zuwa aiki ne, wannan laifi ne. Ki rubuta gajere, ki ce kina son ci gaba da aikinki, ga halin da kike ciki, ga abin da kike nema, ki haɗa da imel ɗin manajan, ki roƙi amsa a rubuce. Sannan ki gyara CV ɗinki cikin satin nan ki fara turawa, in kina so ki turo min ta inbos na duba miki.