Kafin ka ɗauko tifa ta kwashe ɓaraguzai

Magina da masu gidajen da suka tattauna batun kwashe ɓaraguzan gini sun fi tsayawa kan abu guda: kada ka kira mota sai ka ware kayan. Guntayen rodi, tsohon kwano da wayoyi kuɗi ne, 'yan gwangwan za su auna su biya ka. Fasassun bulo da ƙasa kuwa, tambayi maƙwabta tukuna. Mai neman ciko a fili ko a layi da damina zai iya kwashewa kyauta, har ya gode maka.

Abin da ya rage shi ne na tifa. A yi ciniki kan sawu, a kuma fayyace wa zai biya leburorin lodi, domin nan rigima ta fi tashi. Wasu sun ce a biya rabi, sauran sai an share wurin. Ni ma nan na tsaya.

Duba faɗin lungunku. In mota ba za ta shiga ba, kuɗin baro na kanka.

Sannan ka tambayi direba inda zai zubar. Wasu a magudanar ruwa suke juyewa. A Kano, nemi hukumar kwashe shara ta jihar, wato REMASAB, ta nuna maka jujin da aka amince da shi.